Kalmar da Fada Ya Tambaye Mu

Ismay, sanyin idona, ruwan farko a kan gonata, ƙamshin da ke riga rana shigowa ɗakina,

Gaisuwa daga garinmu Gouyave, daga mijinki Aldwyn, da karenki da ba ya cin abinci sai ya leƙa hanya tukuna. Lafiyata lau. Gyaɗar ƙamshi ta fara tsagewa a kan itatuwa, jan zarenta sak leɓenki ranar biki. Ya sanyin Toronto? Ya sabuwar jikarmu? An ce goshinki ta ɗauko. Allah ya sa ba ta haɗa da bakinki ba!

Makon jiya 'yarmu Kerlene ta kira ni. Ta ce, "Baba, ka bar Mama ta zauna wurinmu mana. Kai ibadarka Asabar, ita Lahadi. Tukunyarka daban, tata daban. Kullum kuna cikin musu. In ta zauna nan, wane difference zai kawo?"

Difference! Wannan kalma kuma! Kin tuna inda ta fara kama ni?

Ɗakin Fada ne, kafin aurenmu, ruwa na dukan kwano kamar ana kiɗan ganguna. Kina sanye da rigar nan mai ruwan ƙwai, ni kuwa gumi ya jiƙa min wuya, ɗan cocin Asabar a gaban limamin Katolika. Ya dube mu ta saman tabarau ya ce, "Akwai wani difference tsakaninku?" Ni da na zaci bambanci yake nufi, sai na gyara zama na ce, "Sosai, Fada. Ita doguwa ce, ni gajere. Ita malamar makaranta, ni manomi." Kika taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur, kika ce, "Saɓani yake tambaya, sarkin wayo!" Fada ya yi dariya har tabarau ya zame. A hanyar gida, muna laima ɗaya, kika ce a ajinki kalmar tana da aiki na uku: abin da ya saura idan an ɗebe wani abu daga wani. Wallahi ban ji sauran darasin ba. Ɗigon ruwa nake kallo a gashin idonki.

To ga shi Kerlene ta zo da na huɗu: wai me zai canja?

Me zai canja! Ya ke inuwar kwakwata, wa zai gaya wa yarinyar nan? Gaskiya ne muna da saɓani, kuma ban ɓoye ko ɗaya ba. Ke sai da naman alade a dafa-dukar madarar kwakwa, ni ko ƙamshinsa ba na so. Kin ce jirgin ruwan da ke zuwa tsibirin Carriacou ya fi daɗi da safe, na ce da yamma, har yau ba mu hau ba. Amma wa ya taɓa dafa tukunya biyu shekara da shekaru saboda mutumin da ba ya ƙauna? Wa yake goge min farar rigata ran Juma'a, yana mita, yana gogewa? Tun da kika tafi babu mai ce min ƙarya nake. In na faɗi magana a tsakar gida, kaji su amince, kare ya amince. Ismay, gidan da kowa ya yarda da ni ya ishe ni!

Yanzu ki zauna da kyau, kada ki yar da jaririya. Ran Lahadi na shiga cocinku. Ni, da ƙafata. Labari ya zo min cewa Madam Eudine mai kifi ta fara zama a gurbinki, benci na kusa da taga inda iskar teku ke shigowa. Na yi sammako na riga ta. Da ta iso ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai ɗan Asabar, kwana ka ɓata ko hanya?" Na ce, "Mai wurin ce ta aiko ni." Ban durƙusa ba, ban yi alamar gicciye ba, hudubar kuwa ina da gyara a kanta wuri uku, na ajiye miki su. Amma da aka ɗauki waƙar nan da kike ja wa wuya, sai na ji benci ya yi min faɗi, hawaye suka zubo min. Har Eudine ta miƙo min hankici mai ƙarnin kifi, na kuma karɓa.

Ba na ce ki baro jikarmu tun ba ta yi ƙwari ba. Ki yi mata wanka, ki cika mata kunne da waƙa, ki huta. Amma kafin a gama tsintar gyaɗar ƙamshi, ki dawo, farin watana. Duk Lahadi zan je in tsare miki wurin. Mutanen cocinmu sun fara yi min kallon gefe, dattijonmu ma ya ce zai zo mu yi magana. To, ya zo mana! In kin daɗe dai, sai ki tarar an yi min baftisma a cocinku, ki rasa abokin faɗa har abada.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a kwantar da mu a kan tudun nan mai kallon teku, ko da kowa limaminsa daban,

Aldwyn