Bargon Ƙyallayen Inna

Da sunan Allah mai rahama. Daga Safara'u ɗiyar Malama Kulu, nan Gandi, zuwa ga Yaya Mu'azu can Bida. Gaisuwa da ban girma, da roƙon Allah shi sa takardar nan ta iske ka lahiya kai da iyali, shi sa ma kasuwarka albarka. Mu nan lahiya lau. An yanke gero, dawa ta kusa, mijina Lawwali ya tashi daga kurkunun da yak kwantar da shi duk damina. Sai kewar Inna, har yau in na ji motsi ɗakinta sai na waiwaya.

Sale bafatake ya iso da saƙonka da zanen alharinin da ka aiko. Ya ce ranka ya ɓaci da kaj ji an kai uwarka kushewa lulluɓe da tsummoki, kai kuwa kana raye kana da hali. Ya ce ka ce a aje alharinin masallaci don rufin makara, bargon ƙyallaye kuwa a ba mai jaki shi yi shimfiɗa. Yaya, kai ne babba, ban taɓa ƙetare maganarka ba. Wagga kam ba ni yi, kuma na ji zafinta ƙwarai.

Ka bar gida da ƙuruciya, bari in gaya maka mi ne ne bargon nan. Mata sun yi ta zuwa wurin Inna bayan la'asar, wasu tun daga Maikujera da goyo a baya, tana koya musu alwala da salla da wankan gawa. Ba ta karɓar ko ƙwayar gero. Abin da take karɓa guda ne: ranar da mace ta iya sallarta daidai, sai ta yago ƙyalle kamar faɗin tafin hannu daga bakin zanenta ta miƙa. Inna ta haɗa ƙyallen da na 'yan'uwa, ta sa kaɗa, wato auduga, tsakani, ta ɗinke da zaren da tak kaɗa da kanta. Kowane ƙyalle ta san mai shi. Akwai wani baƙi da ya koɗe, na tsohuwa Turai mai nono ne, wadda ta koyi Fatiha da furfura, Inna na yi mata ba'a wai harshenta ya fi igiyar guga kauri.

Inna dai matar da ka sani ce, mai share farfajiyar masallaci da cika randunan alwala har gwiwa ta ƙi. Ita da kanta tak kai ma liman bargon, tac ce duk macen da za a hitar, a rufe ta da shi, ta tahi da abokan karatunta. Ranar da anka ɗauki Inna, gida ya cika maƙil da mata. Mata ba su bin gawa, to da mi za su raka ta? Kowace ta matso ta ɗora hannu bisa nata ƙyalle kafin maza su ɗaga makara. Wanda yak kai maka labarin tsummoki, da ya tsaya ya ga wannan da bai buɗe baki ba.

Alharininka yana da kyau, ban musa ba, amma bai san kowa ba garin nan. Sai na tuna kai ma bisa cinyarta ka koyi Fatiha, kana tsotson yatsa, kuma ka tahi ba ka biya ba. Don haka na sa almakashi na yanki tafin hannu guda, kamar na kowa, na ɗinke shi kusa da na Turai. Sauran ga shi nan hannun Sale na mayar maka. In hushi za ka yi, yi abinka. Ɗinkin da Inna ta koya min ne, ba shi warwaruwa.

Ka gaida matarka Habi, da Ƙasimu, da 'yar auta Fatsuma. Lawwali na gaisuwa. Bargo na nan masallaci inda Inna ta aje shi, ranar da tawa taz zo kuwa da shi za a rufe ni, da ƙyallenka ciki.

Allah shi jiƙan Inna, shi haɗa fuskokinmu da alheri. Ƙanwarka, Safara'u.