Ban Gudu Daga Jarrabawa Ba, Wayata Ce Rana Ta Kashe

Zuwa ga Shugabar makarantar koyar da harshen Danmak ta intanet,

Ranki ya daɗe, ina gaishe ki da aiki, tare da malamanki. Sunana Ilu, mutumin Damagaram, direban motar kaya a Birnin Masana'antu na Biyu, a Riyad. Ni ne tsohon nan mai furfura da aka cire daga aji na biyu, aka rubuta wai ya fice ana tsakiyar jarrabawar baka. Na aiko saƙo sau uku shiru, shi ya sa na fito fili.

Na farko, ki san abin da ya kawo ni ajinku. 'Yata ta fari ta yi aure a ƙasarku, ta rasu shekara uku da suka wuce, ta bar yarinya, Nana, yanzu shekararta shida. Uban haifaffen can ne, Hausarsa guntu-guntu, Nana kuwa ba ta jin komai sai "Kaka". A wurinmu jika abokiyar wasan kakanta ce. Ya kamata in ce mata amaryata, ta ce ba ta son tsoho, a yi dariya. To ta yaya zan yi wannan wasa ta bakin surukina, mutumin da muke jin kunyar juna? Duk Juma'a sai mu zuba wa juna ido a waya, ta ɗaga mini hannu, ta gudu. Wallahi abin yana ci mini rai.

Na biyu, harshenku ba wasa ba ne. Larabci a titi na tsince shi, wajen kafili, wato ubangidana, da masu shago. Naku kuwa babu mai jin sa a duk inda nake kai kaya. Abin da aka rubuta daban, abin da ake faɗa daban, rabin kalma a maƙogwaro take tsayawa. Wata goma sha ɗaya ina maimaitawa a bakin sitiyari, har abokan aiki suka fara tambaya ko lafiya. Awa guda ta ajinku ce kaɗai inda wani ke saurarona ya gyara mini.

Na uku, ranar jarrabawar. Dokarku ta ce ɗalibi ya kasance shi kaɗai, ba hayaniya. Mu takwas ne a ɗakinmu, ina zan samu kaɗaici? Sai na shiga mota. Mai jarrabawa ta ce ƙarar inji ta yi yawa, na kashe, sanyin motar ya tafi da shi. Ƙarfe ɗaya ne a wurinku, biyu na rana a nan, a tsakiyar zafi. Na amsa tambaya huɗu gumi na shiga mini ido. Ana cikin ta biyar wayar ta yi zafi ta mutu. Na naɗe ta a jiƙaƙƙen rawani, na kunna mota, ina roƙon Allah. Kafin ta farfaɗo an rufe jarrabawar. Haba, ranki ya daɗe! Wanda zai gudu ne zai zauna a wannan tanda?

Roƙona biyu ne. A mayar da ni aji, a sake mini jarrabawar da safe kafin rana ta ɗaga. Sannan ku riƙa tambayar ɗalibanku inda suke kwana kafin ku yanke musu hukunci.

Ni ba takardar shaida nake nema ba, ba kuma ƙasarku zan zo in zauna ba. Tsawon rayuwar 'yata ban taɓa kiran sunanta ba, saboda kunyar ɗan fari. Yanzu so nake in kira shi a gaban Nana, in gaya mata cewa wushiryar nan tata ta uwarta ce. Na haɗa jimlar da kaina da harshenku, na faɗa mata Juma'ar da ta wuce. Ta juya ta kalli ubanta, ta tambaye shi me Kaka ya ce.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya miki zuri'a, ya sa jikokinki su ji maganarki ba tare da tafinta ba.

Wassalam.

Ilu Direba,
Riyad.