Tashar Ɗunya Ba Garin Baƙi Ba Ce: Kada a Rufe Mana Makaranta

Zuwa ga Mai Girma Sakataren Ilimi na Ƙaramar Hukumarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, da iyalinka, da ma'aikatan ofishinka. Ni ne Garba Akawu, tsohon akawun jirgin ƙasa a Tashar Ɗunya, ɗan ƙauyen nan da ke bakin layin dogon da ya tashi daga Gusau ya nufi Kaura Namoda. Sau uku na zo ofishinka bayan ƙaramar Sallah, sau uku ina wuni a kan benci. A zuwan ƙarshe wani matashin ma'aikaci ya ce mini, ko kai bai ɗago daga wayarsa ba, wai fayil ya riga ya wuce. Shi ya sa na kawo maganar fili, inda babu masinja a bakin ƙofa.

Maganar ita ce takardar da kuka aiko wa hedimastanmu, cewa za a rufe firamaren Tashar Ɗunya a ƙarshen wannan zangon, a haɗe ta da ta garin hakimi. Dalili, jami'anku sun zo sun ƙirga, kuma mutanen da suka rubuta a matsayin 'yan gari ba za su cika sahu ɗaya a masallacinmu ba. Sauran duk an sa su a layin baƙi. Ranka ya daɗe, jami'anka ba su yi ƙarya ba, abin da aka faɗa musu suka rubuta. Amma ba su san garin da suka shiga ba.

Na ɗaya. Kafin dogo, babu gari a nan, sai bishiyar ɗunya guda da daji. A zamanin Turawa aka ɗibo kakanninmu daga ƙasashen Gummi da Anka da Bukkuyum, a ƙafa, don su fasa dutse su shimfiɗa ƙarfe. Da aiki ya ƙare aka ga kan jirgi ba ya iya kaiwa ƙarshen layi sai ya sha ruwa a hanya, sai aka kafa tanki a gindin ɗunyar. Mutanen Gummi, da yake sun san ruwa, su suka haƙa rijiyoyi suka riƙa cika tankin. Mutanen Anka suka kama dakon gyaɗa da auduga zuwa tarago. Mutanen Bukkuyum suka zama masu bin dogo da guduma suna ɗaure abin da ya kwance. Kowa ya kafa bukka yana cewa baɗi zai koma gida. Har yau shiyya uku ce a garin, kowace da sunan inda aka baro.

Na biyu. Ina so ka san abin da waɗannan mutane suka gani, ko ka rage ƙyamarsu. Ina yaro, Innata takan ajiye ƙwaryar ruwa a ƙasa, idan ruwan ya fara rawa shi kaɗai sai ta ce jirgi ya baro Gusau. Can sai hayaƙi ya bayyana a bayan gonaki, sannan ƙasa ta ɗauki rawa, har ka ji ta a haƙoranka. Abin ya fi kowane gida da muka sani tsawo, ga wuta a cikinsa, ga mutanen Ikko da na Zariya suna leƙowa ta taga, amma dole ya tsaya a ƙofar gidanmu ya jira mutanenmu su ba shi ruwa. Na yi karatu mai zurfi a zamanina, na san yadda tururi ke tura ƙafar jirgi, na zana shi a jarrabawa. Sanin bai rage mini mamakin ba ko kaɗan.

Amma abin da ya fi jirgin ba ni mamaki ya zo ne bayan jirgin ya daina zuwa. Ba wanda ya aiko mana da sallama. Wata rana ya wuce, muka share dandamali muna jiran dawowarsa, shi ke nan. Tanki ya yi tsatsa, geza ta fito tsakanin ƙarafa, 'yan uwana ma'aikata suka watse. Ni da na yi tsammanin takarduna za su kai ni babban ofis, na ƙare ina rubuta wa mutane wasiƙu a inuwar ofishin da aka kulle. Na sa ido in ga garin ya mutu, domin duk abin da na karanta ya ce garin da dalilinsa ya tafi, shi ma tafiya yake yi. Bai mutu ba. Masu dako suka koma noman gero. Masu bin dogo suka buɗe maƙera. A shiyyar Gummi har gobe tsofaffi na saƙa komar kamun kifi a ƙofar gida, a garin da ko rafi babu, su aika wa dangi can bakin gulbi. Na daɗe da fid da rai daga hukuma da alkawuranta, amma duk safiyar da na ga hayaƙin girki na tashi daga shiyyoyin nan uku sai in tsaya in yi tasbihi.

Na uku, kuma nan kuskuren yake. A Tashar Ɗunya, abin kunya ne mutum ya ce shi ɗan Tasha ne. Kamar ya ce ba shi da asali, a bakin hanya aka tsince shi. Tun yaro na koyon magana ake koya masa ya ambaci garin kakansa. Jami'anku kuwa tambaya ɗaya suka riƙe gida gida: ɗan ina ne kai? Inna Kulu, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin garin, a nan aka haife ta, kuma ba ta taɓa wuce Gusau ba. Da suka tambaye ta sai ta ce, “Ni ɗiyar Gummi ta, ɗana, aiki na yak kawo mu nan.” Suka rubuta baƙuwa. Sani Maƙeri ya ce musu shi na Bukkuyum ne gaba da baya, har ya harzuƙa da suka sake tambaya. Suka rubuta baƙo, da shi da 'ya'yansa da jikokinsa. Waɗanda kuka samu a layin 'yan gari, iyalan malaman makaranta ne da wani mai kanti, wato ainihin baƙin.

Ba zan ɓoye nawa ba. Ni ma sun zo zaurena. Ni da na yi shekara da shekaru ina cike takardun gwamnati, na san abin da kowane layi ke nufi, na buɗe baki na ce Anka. Sai da suka hau babur na gane abin da na yi. Anka kuwa sau biyu na taka ta a rayuwata, kuma a zuwan biyun sai da na nemi mai nuna mini gidan kakana.

Na huɗu. Garin hakimi tafiyar fiye da awa guda ce ga babba, ta hanyar da kai ma ka san halin da take ciki a shekarun nan. Ba uwar da za ta saki yara ƙanana su bi ta kullum. Ina da jikoki mata biyu a aji uku, uwarsu ta riga ta ce ko a zauna a gida, ko a tashi daga garin. Gidaje da dama maganar da ake yi ke nan. Abin da tafiyar jirgi ta kasa yi mana, takarda mai shafi ɗaya na shirin yi.

Don haka ina roƙon abu uku. A dakatar da rufe makarantar har a sake ƙirga. A turo jami'ai ranar da ba ta kasuwa ba, su fara da rajistar ajujuwa, su ga yaran da idonsu. Sannan a canza tambayar. Kada a ce wa ɗan Tasha ɗan ina ne shi, domin ko sau goma aka tambaya amsar ba za ta sauya ba, kuma ba na jin ya kamata a tilasta masa ya sauya. A tambaye shi ina aka binne mahaifiyarsa, kuma ina yake so a kai shi. Maƙabartarmu na gabas da tanki, ta fi garin kansa faɗi yanzu, kuma a can babu shiyyar Gummi, babu ta Anka, babu ta Bukkuyum. Ban taɓa ganin an ɗauki gawa ɗaya an nufi yamma da ita, can garuruwan kakanni, ba. Idan jami'anka suka zo, ni zan yi musu jagora da sandata, in nuna musu inda Innata take, da matata, da wurin da na roƙa a bar mini kusa da su. In sun ga dama, bayan sun gani, su sake rubuta ni baƙo.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya raya maka zuri'a, ya ba su malamai a kusa da gida.

Wassalam.

Garba Akawu,
Tashar Ɗunya.