Tumatirin Malam Isuhu

Laraba, bayan isha'i, Jibiya.

Na kasa cin abinci. Laifina ne, kuma ni kaɗai na sani.

Jiya da yamma na taɓa sabar ofishinmu, wato babbar kwamfutar da duk aikinmu ke bi ta cikinta. Katin sadarwarta ɗaya ne, an raba shi kashi huɗu, kowane sashe da nasa. Na sabunta manhajar da ke tuƙa kason masu takardun fito, na ƙara girman ƙunshin saƙon da yake turawa, wai don aiki ya yi sauri. Na gwada da ƙaramin fayil, ya wuce, na tafi gida ina murna.

Da safe manyan takardu suka ƙi tafiya, motoci suka yi layi a bakin iyaka. Malam Isuhu, direban nan na Maraɗi, ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗiyata, tumatir fa na ɗauko, ba siminti ba." Ko murya bai ɗaga ba.

Alhaji mai ofishin ya yi ta faɗa da kamfanin sadarwa a waya, ina gefensa. Sai bayan azahar na gano cewa na ƙara girman a kason, ban ƙara a uwar katin da aka raba ba. Na mayar da lambar girman yadda take, nan take komai ya tafi. Alhaji har albarka ya sa mini, na amsa da amin.

Da la'asar na hango Malam Isuhu yana juye kwandunan tumatirin da suka ruɓe a gefen titi.

Gobe zan faɗa wa Alhaji gaskiya. Shi Malam Isuhun ne ban san da wane ido zan kalle shi ba.