Rasuwar Baba A-Hankali, Direban Motar da Ba Ta da Sakata

Cikin alhini mai nauyi, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Iyaye da 'Yan'uwan Matasan da ke Hannun Hukuma ta samu labarin rasuwar ubanta, jagoranta, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, kuma Shugaban Kwamitin Amintattunta, dattijo mai daraja Malam Baba Direba, wanda yara da manya suka fi sani da Baba A-Hankali. Allah ya karɓi ransa da safiyar Litinin ɗin da ta gabata a ƙofar gidansa, yana zaune a kujerar direba, yana ɗumama motar da zai fita ɗaukar yara da ita. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mai ɗakinsa, uwarmu Hajiya, ta shaida wa tawagar ƙungiya cewa da ta fito masa da shayi ta tarar ya kifa kai a kan sitiyari, inji yana ta aiki, har ta ɗan tsaya tana jiransa, don ta ɗauka sauraron ƙarar injin yake yi kamar yadda ya saba.

Wannan saƙo ta'aziyya ce ga iyalansa da ga jama'a baki ɗaya. Amma ƙungiya ba za ta ɓoye ba, yana kuma ɗauke da roƙo ga hukuma a kan ɗaya daga cikin yaran marigayin, wanda muke kira Ina-Zuwa, wanda yanzu haka yake tsare a gidan gyaran hali saboda abin da ya faru a wannan safiya.

Marigayin ya yi ƙuruciyarsa da ƙarfinsa yana tuƙa baƙar motar nan ta kai waɗanda ake tuhuma kotu, wadda ba ta da taga sai 'yan ƙananan ramukan shan iska daga can sama, a zamanin da ake cusa yaron da ya ɗauki takalmi a bakin shago tare da riƙaƙƙen ɗan fashi a akwati ɗaya, a ja sakata. Ya sha gaya mana cewa bai san fuskar yaran da ya ɗauka ba, bugunsu ya sani. Babba idan ya bugi bangon ƙarfen da ke bayan direba, da dunƙulen hannu yake bugawa yana zagi. Yaro kuwa da tafin hannu, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin uwarsa. Bayan motar babu abin riƙewa, don haka duk rami sai ya rage gudu kamar mai ɗauke da ƙwai. Idan ya hango uwa a madubi tana bin motar da gudu, mayafi yana faɗuwa, tana kiran sunan ɗanta, sai ya sauke giya har ta iso ta ɗora hannu a jikin ƙarfen, ta faɗi abin da za ta faɗa. Sau da dama an ja masa kunne a wurin aiki saboda makara, abokan aikinsa suka laƙaba masa A-Hankali don tsokana, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, ya riƙe shi har kabari.

Da ya yi ritaya, a cikin matan da suka taɓa bin motarsa da gudu ne ya samo mutanen farko na wannan ƙungiya, a rumfar ƙofar gidansa, a kan benci ɗaya mai gajeriyar ƙafa da ake tokarewa da bulo. Daga wannan benci aka fara kiran da ƙungiya take yi har gobe: a raba yara da manya a wurin tsarewa da kuma cikin mota, a daina barin yaro yana jiran shari'a har gemu ya fito masa, kuma wanda laifinsa bai kai ga zubar da jini ba a hukunta shi ba tare da an raba shi da gidansu ba. Marigayin bai taɓa cewa yaranmu ba su yi laifi ba. Uwar da ta zo tana rantsuwa cewa ɗanta ko ƙuda ba ya iya kashewa, sai ya bar ta ta gama, ya ce mata, Yaya, ɗanki ya yi, mu tashi mu je mu ba mai shagon haƙuri tukuna. Da ƙafarsa ya taka zuwa gidajen mutanen da aka cuta, wasu suka saurare shi, wasu suka rufe masa ƙofa, bai kuma taɓa ganin laifinsu ba.

Bayan shekaru na zirga-zirga a ofisoshi, Mai Girma Shugaban Kwamitin Majalisa kan Harkokin Shari'a da masu girma mambobinsa suka amince da tsarin gwaji: yaran da kotu ta zaɓa za su kwana a gidajen iyayensu, su wuni a cibiyar koyon sana'a, da sharaɗin cewa wanda bai bayyana ba za a mai da shi inda aka tsare shi. Da aka tambaya wa zai tabbatar sun zo, sai marigayin ya miƙe da sandarsa ya ce shi ne ya kai su kurkuku, shi zai kai su makaranta. Ya gyara wata tsohuwar bas, ya sa aka wanke tagoginta tas, kuma abu na farko da ya yi shi ne kwance sakatar ƙofarta da hannunsa. Ya ce motar da ake kulle yaro a ciki ya gama tuƙa ta. Tun daga ranar zuwa safiyar Litinin ɗin nan, babu yaron da ya taɓa dira daga motar ya gudu.

Ina neman afuwar shugabanni in saka bakina a nan, ko da yake da yawun ƙungiya nake magana. Ni ce ke raka 'yan matan da ke cikin tsarin, don haka kusan kullum ina kujerar bayan Baba, da ɗan littafin labari a cinyata. Yakan leƙo ni ta madubi ya ce, 'yar nan, rufe littafin nan kada amai ya kama ki, mijinki ya ce na ba ki wahala. Amma da na rufe sai ya tambaye ni yadda aka ƙare. Bai damu da wa ya auri wa ba. Idan akwai wanda aka kulle a labarin, tambayarsa ɗaya ce, sun sake shi kuwa? Mijin nawa da yake tsokanata da shi, bakaniken da ke duba masa motar, yana cikin yaran da suka taɓa buga wancan bangon ƙarfe da tafin hannu, surukata kuma tana cikin matan da suka bi motar da gudu. Da Baba bai sauke giya a ranar ba, ban san wane gida nake ciki yau ba.

Ina-Zuwa shi ne na ƙarshen ɗauka. An kama shi ne tare da abokai sun fasa shagon sayar da waya, ya amsa laifinsa, kotu ta sa shi cikin tsarin. Kowace safiya Baba zai tsaya a bakin lungunsu, kusa da injin niƙa, ya danna hon sau biyu, sai a jiyo murya daga can cikin gida tana cewa ina zuwa, sannan a ga yaro ya fito da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Yaran mota suna ihu a tafi a bar shi, Baba ya ce wanda ke sauri ya sauka ya tura. Saboda shi motar ta sha isa a makare, har cibiya ta yi wa yaron gargaɗi na ƙarshe. A ranar ne muka ji Baba ya gaya masa, ɗana, kai dai ka fito ka tsaya a nan, kada ka gusa ko'ina, ko sama za ta faɗo zan zo in ɗauke ka.

Da safiyar Litinin, gidan marigayin ya rikice da kuka, mu ma da labari ya iso mana can muka nufa, babu wanda ya tuna da yaran da ke tsaye a bakin titi. Da suka ga rana ta ɗaga babu mota, waɗanda ake fara ɗauka suka kama hanya da ƙafa, suna bin hanyar da motar take bi, suna tsintar 'yan'uwansu lungu bayan lungu, babu babba ko ɗaya a tare da su. Da suka iso injin niƙa suka tarar da Ina-Zuwa a tsaye, takalma biyu a ƙafa, a karon farko ya riga mota fitowa. Suka ce ya zo a tafi, ya ƙi. Suka ja hannunsa, ya fizge, ya ce Baba bai taɓa tafiya ya bar shi ba, shi ma ba zai tafi ya bar Baba ya zo ya tarar babu kowa ba. Sauran suka isa cibiya da ƙura har gwiwa, aka karɓe su. Shi kuwa yana nan tsaye har aka dawo daga jana'iza, mahaifiyarsa ta zo ta gaya masa cewa Baba ya rasu. Kafin nan cibiya ta riga ta sanar da kotu cewa bai zo ba, kamar yadda doka ta wajabta mata, washegari aka zo aka tafi da shi.

Ƙungiya ba ta ɗora wa jami'an cibiya laifi ba, aikinsu suka yi. Amma muna roƙon Mai Shari'a, Alƙalin Kotun Yara, da girman kujerarsa, da ya dubi wannan rana da idon rahama, ya tambayi mai injin niƙa da yaran da suka ja hannunsa, ya mai da yaron nan cikin tsarin. Muna kuma roƙon Mai Girma Shugaban Kwamiti da masu girma mambobi, waɗanda za su zauna nan gaba kaɗan don yanke hukuncin ko tsarin zai zama doka ko a rufe shi, da su tuna cewa a ranar da babu direba, babu mota, babu mai tsaro, yaran nan ba su nufi ko'ina ba sai inda kotu ta ce su je, ɗayan da bai je ba kuma alkawari ya tsaya riƙewa.

A madadin Shugabar Ƙungiya, Kwamitin Amintattu, Kwamitin Zartarwa, iyaye mata da maza, da yaran mota baki ɗaya, muna miƙa ta'aziyya ga uwarmu Hajiya, da 'ya'yansa, da jikokinsa, da ƙannensa, da tsofaffin abokan aikinsa. Allah ya ba ku haƙurin jure wannan babban rashi, ya tsaya muku yadda ya tsaya wa 'ya'yan wasu. Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya yalwata masa kabarinsa, ya buɗe masa tagoginsa zuwa Aljanna, ya sa ya tarar da ƙofar rahama babu sakata.

Muna sanar da iyaye cewa Hajiya ta damƙa wa ƙungiya makullin motar, ta ce kada ta sake kwana biyu a ƙofar gida. Daga gobe bakanikenmu zai riƙa tuƙa ta, a kan hanyar da aka saba, da irin gudun da aka saba. Yaran sun nemi abu ɗaya, ƙungiya kuma ta amince: kowace safiya motar za ta tsaya a bakin lungun injin niƙa, ta danna hon sau biyu, ta ɗan jira. Haka za ta riƙa yi har ranar da za a amsa mata daga cikin gida.

Sa hannu:
Amaryar Bakanike,
Sakatariyar Yaɗa Labarai kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Iyaye da 'Yan'uwan Matasan da ke Hannun Hukuma.