Kashi Biyu Cikin Ɗari

Zuwa ga Bahrom, Baban Feruza, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan dutse mai sanyi da ban taɓa ƙoshi da shi ba, rummanin da ya fi duk na lambu zaƙi.

Ina gaishe ka gaisuwar mai ƙauna, ba gaisuwar wadda ta huce ba. Ban huce ba! Yau kwananmu tara, ni da Feruza, a gidan Yaya Mavluda a Margilan. Kullum da haushinka nake tashi, kuma kullum sai na zuba shayi kofi biyu kafin in tuna ba ka nan. Wace irin jarabta ce wannan, mutumin da ya ƙona min rai shi ne wanda raina ke nema?

Shekara goma sha tara kana malamin lissafi a Namangan, iyaye na yi maka layi da takardun 'ya'yansu. Ka duba maki, ka duba sakamakon jarrabawar Turanci, ka duba lambobin yabo, sannan ka ce wannan jami'a za ta ɗauke shi, waccan ya gwada, ta ukun ya cire rai. Gari duka ya san bakinka ba ya son kai. Ni kuwa ina tafiya a kasuwa kaina a sama, don ni ce matar mutumin da ba a saye.

Sai ga 'yarka ta cikinka, a ajinta na ƙarshe, ta kawo maka nata takardun ranar Lahadi, farantin shinkafar falof na tsakiya, Inna mahaifiyarka na zaune. Shekara uku yarinyar nan tana shirin jami'ar nan ta ƙetare mai ɗaukar nauyin ɗalibi, wadda dubbai ke nema a zaɓi 'yan kaɗan. Ko shayinka bai huce ba ka rufe takardun. Ka ce, "Kashi biyu cikin ɗari, 'yata. Kada ki wahalar da kanki. Ga kwalejin malamai nan, da ƙafa ma kya je." Ta ce to, Baba. Ta kwashe kwanuka ta wanke. Washegari ta tattara littattafanta a kwali ta tura ƙarƙashin gado.

Kuma na yarda da kai! Abin da ya fi ci min rai ke nan. Ni na rarrashe ta, na ce mahaifinki ba ya faɗin abin da bai auna ba. Da bakina na taya ka.

Bayan mako biyu Zulfiya maƙwabciyarmu ta shigo kantin maganin da nake aiki, bakinta har kunne, tana sa maka albarka. Wai ka ce ɗanta Otabek ya nemi wannan jami'ar dai, yana da damar ɗaya cikin huɗu, har ka zauna yini biyu kana duba masa rubutunsa. Otabek, wanda Feruza ta fi a lissafi, ta fi a Turanci, ta fi a komai in ban da tsawo! Na miƙa mata maganinta.

Da na dawo na same ka a tsakar gida kana datse reshen inabi. Na tambaye ka. Ba ka ko juyo ba, ka ce, "Ɗan Zulfiya in ya tafi, ba ni zan yi rashi ba." Sannan ka ambaci ƙanenka Anvar, da ya tafi karatu waje bai dawo ba ko ranar da aka binne mahaifinku.

Haba, farin watana! Na san wannan ciwon, tare muka yi jinyarsa. Amma Feruza ce ta ji maka shi? Da ka ce mata tsoro kake ji, da ta rungume ka ta yi kuka, wataƙila ma ta zauna da kanta. Sai ka ɗauki abin da ta fi yarda da shi a duniya, lissafinka, ka yi mata ƙarya da shi. Ba hana ta tafiya kaɗai ka yi ba, ka sa ta yarda ba ta isa ba.

Ka manta ranar da ka zo gidanmu da kankana a hammata, takalminka duk ƙura, lokacin da mahaifina ya ce karatun haɗa magunguna ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwata? Kana ɗan shekara ashirin da huɗu, ka roƙe shi ya bar ni in zauna jarrabawar, in takarda ta kayar da ni shi ke nan. Ina bayan labule ina ji. Ranar zuciyata ta buɗe maka kamar furen auduga, har yau ba ta rufe ba. Ina ka kai wannan saurayin? Wa ya ba ka izinin ɓoye min shi?

Ga abin da na yi, don kada ka ji a bakin wani. Na kai Feruza wurin Malama Mohira, tsohuwar shugabar makaranta a nan. Yini guda ta yi da takardun. Ta ce ɗaya cikin biyar, ko ƙasa da haka, domin rubutun Feruza na Turanci da sauran gyara, kuma ta shawarce ta ta nemi wasu jami'o'i biyu masu sauƙi a gefe. Ba magana mai daɗi ba ce. Amma ka san 'yarka murmushi ta yi? Rabona da ganin haƙoranta tun waccan Lahadin. Ranar Laraba muka tura takardun.

Ban ce za su ɗauke ta ba. Da alama ma ba za su ɗauke ta ba. To su ƙi ta, baƙi ne, ba su san ta ba, za ta yi kukanta ta tashi. Ƙin da ya fito daga bakin uba shi ne wanda ba a tashi daga gare shi.

A cikin takardun an ce ta rubuta labarin wanda ya sa ta son ilimi. Na ce ta zaɓi wanda take so. Kai ta zaɓa, rubutun da ta yi tun kafin waccan Lahadin. Yadda kake jera mata ƙwallayen 'ya'yan itacen mishimishi a kan tabarma tana shekara huɗu, kana koya mata rabawa, kana barin ta ta yi kuskure har ta gano da kanta. Ko kalma ɗaya ba ta canza ba bayan abin da ka yi mata. Na karanta, haushinka ya ninku.

Ka zo ranar Asabar, ya abin alfaharina, ya rabin raina. Kada ka kawo min tsaraba, kada ka fara da ni. Ka zaunar da ita, ka faɗa mata lambar gaskiya da bakinka, ka faɗa mata dalilin da ya sa ka rage. Idan aka ɗauke ta ta tafi, ni ina nan. Tare za mu raka ta, tare za mu dawo gida, ina riƙe da hannunka.

Ban taɓa kallon wani ba, ba kuma zan kalla ba, ko ina fushi ko na huce, har a rufe ni da ƙasa.

Matarka da ke jira,
Gulchehra