Katin da Bulus Ya Ba Ni

Laraba da dare, Gusau

Yau na je Sabon Gari wurin abokina Bulus, kuma da ma ban je ba. Yayansa ya aiko masa da sabon katin hoto na kwamfuta, wanda ake sa wa a cikinta don aikin hoto da bidiyo ya yi sauri. A gabana ya sa shi, ya kunna, bidiyon bikin da yake gyarawa ya riƙa tafiya sumul. Na ce masa "Ma sha Allah", amma bakina ne kawai ya faɗa.

Tare muka haɗa kwamfutocinmu bara. Da muka zo kan fawa, akwatin nan mai raba wa sauran kayan wuta, na lissafa abin da nawa za su ci, na ɗauki mai wat ɗari huɗu cif. Shi ya ɗauki mai ɗari bakwai da hamsin. Har dariya na yi masa, na ce injin niƙa zai tayar? Ya ce, "Bar ni, Sanusi, wata rana zan ƙara kaya."

To, ga ranar ta zo.

Da zan tafi ya miƙo mini tsohon katinsa kyauta. Na dawo gida na sa, ina fara aiki kwamfutar ta ɗauke. Na sake kunnawa, ta sake ɗaukewa. Fawata ba za ta iya ɗaukarsa ba.

Ba katin ne ke cina ba. Shi tun farko ya sa rai zai ci gaba, ni ko tunanin bai zo mini ba.

Yanzu ya turo saƙo: "Ya yi?" Na rubuta masa, "Ya yi sosai."